Matankari da Ƙasar Arewa: Al'ummomin da Suka Taru Suka Zama Gari

Baƙon da ya taso daga Dogon Dutsi ya nufi arewa, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 15 cikin rairayin fadama, zai iske Matankari, tsohon mazaunin Sarkin Arewa. Idan ya zauna bakin kasuwa ya kasa kunne, Hausa zai ji ta ko'ina, har ya ɗauka cewa mutanen nan duka tsatsonsu ɗaya ne. Dattawan gari kuwa ba su taɓa ɗaukar al'amarin haka ba. Su sun san gidan da yake na Gubawa da wanda yake na Arawa, sun san zuriyar da kakanta ya zo daga Adar da jakinsa, da wadda ta gangaro daga Kurfai, sun kuma san rugar da ta girmi wasu ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wannan sani shi ne ake komawa gare shi ranar neman aure, da ranar rabon gado, da ranar da aka yi gardama a kan iyakar gona.

Sunan kwarin da garin yake ciki ma kaɗai ya isa shaida. A takardun hukuma ana rubuta shi Dallol Mawri. Kalmar dallol ta Fulatanci ce, ma'anarta kwari, Mawri kuwa suna ne da Zabarmawa suke kiran Arawa da shi, alhali mazauna wurin Hausa suke yi. Kwarin tsohuwar hanyar ruwa ce da ta ƙafe tun zamani mai nisa, ta miƙe daga arewa zuwa kudu har ta kai kogin Kwara a wajejen Gaya. Ruwa ya bar bisa amma bai bar ƙasa ba, don haka rijiyar fadama ba ta da zurfi irin na rijiyar tudu, inda sai an fasa marmara kafin a ga danshi. Wannan bambanci tsakanin fadama da tudu shi ya tsara inda mutane suka fara zama, da inda na baya suka samu wuri.

Masu ƙasa

Babu saɓani a kan cewa Gubawa su ne na farko cikin al'ummomin da ake iya bin sawunsu a wannan ƙasa. Labarin da aka gada kaka da kakanni ya nuna cewa daga Daura suka taso, ƙarƙashin jagorancin wata mace, suna tafe da dutsen da ake kira Tunguma, har suka yada zango a Lugu. Wannan mace ita ce Sarauniya ta farko. Daga baya aka kafa Bagaji, inda Baura yake zaune, kuma waɗannan garuruwa biyu su ne tushen da ƙauyukan Gubawa suke danganta kansu da shi. Bagaji tana cikin komin ta Matankari, Lugu kuwa tana cikin ta Dankasari.

Gubawa maharba ne da manoma. Ba su kafa sarauta irin ta doki da tambari ba, ikonsu na ƙasa ne. A fahimtar mutanen wancan zamani daji yana da masu shi, wato iskoki, musamman Doguwa, kuma ba wanda zai sari itace ya yi sabuwar gona ko ya gina rijiya sai an nemi yardarsu. Wanda ya ƙulla wannan alkawari da iskokin wuri, shi da zuriyarsa su ne ake kira ƴan ƙasa. Su ke buɗe daji, su ke roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri, su ke faɗin ranar da za a soma cin sabon hatsi. Sarauniyar Lugu tana zaune cikin ɗakinta da farin zane, tana kaɗin auduga, ba ta yawo, amma maganarta tana kai wa inda dawakin sarki ba su kai ba. Dutsen Tunguma kuwa wurinsa ake kai ƙarar da ta gagari mutane. Idan Sarauniya ko Baura ya rasu, ba a taron zaɓe: tarkama ake yi, a ɗauki gawa bisa makara, duk wanda ta nufa cikin masu gado shi ne magaji.

Mai karatun yau, wanda ya tashi cikin Musulunci, zai iya ganin waɗannan abubuwa sun yi masa nisa. Sai dai ba za a fahimci rabon gonaki a wannan yanki ba in aka tsallake su, domin har gobe idan aka bi asalin wata tsohuwar gona, ana tiƙewa ne ga wanda ya fara sassabe ta da wanda ya ba shi izni.

Masu sarauta

Arawa sun zo daga baya, masana tarihi suna ɗora farkon sarautarsu a wajejen ƙarni na 17. Kakansu shi ne Ari, ɗan Sarkin Barno, wanda ya sauka Bagaji, Baura ya karɓe shi ya ba shi ƴarsa. Ɗan da aka haifa, Akazama, shi ne Sarkin Arewa na farko. Daga sunan Ari aka samu Ba'are, da Arawa, da Arewa, saboda haka sunan ƙasar ba shi da dangantaka da arewa ta kusurwar duniya, ko da yake rubutun boko ya haɗa su, har baƙi da yawa suna ruɗewa.

Abin lura cikin wannan labari shi ne bai ce an ci Gubawa da yaƙi ba. Ya ce an yi aure. Sarkin Arewa na farko jikan Baura ne ta wajen uwa, ke nan duk ɗan sarki a ƙasar nan Gubawa kawunnansa ne. A kan haka aka raba aiki: ƴan sarki suka riƙe doki da mashi da shari'ar mutane, ƴan ƙasa suka riƙe ƙasa da abin da ke cikinta. Sarki bai isa ya naɗa Baura ba, kuma sarautarsa ba ta cika sai da albarkar masu ƙasa. Ba a ce kullum zaman ya tafi sumul ba, an sha samun ja-in-ja, amma tsarin ya daɗe ƙwarai, ya kuma ba baƙon da ya zo daga baya ƙofa biyu da zai ƙwanƙwasa, ta fada don neman kariya, da ta ƴan ƙasa don neman gona.

Alamar Ba'are a da ita ce tsagarsa, zane biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne. Da ita ake gane shi a kasuwar Sakkwato ko ta Kumasi tun bai buɗe baki ba. Yanzu wanzamai sun daina yi wa jarirai, sai a fuskar tsofaffi ake ganinta.

Gidan sarauta ya yi rassa da yawa, kuma kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, ɗan sarkin da ya nema bai samu ba yakan kwashi mutanensa ya yi gaba ya sari nasa gari. Ta haka Arawa suka bazu cikin kwarin. Birnin Lokoyo da Matankari suna nan arewa, a kudu kuma aka samu Tibiri, inda mai sarauta yake amsa sunan Samna, da Takasaba, da Lido, da Karakara. Wasu suka yi yamma suka shiga cikin Zabarmawa, har suka bar Hausa suka ɗauki Zabarmanci ba tare da sun bar tsagarsu ba. Zuriyarsu suna Sokorbe, kuma tsohuwar unguwar Mawrai ta birnin Yamai sunansu ta ɗauka. Saboda haka Ba'are bai zama dole ya kasance mai jin Hausa ba, kamar yadda ba duk mai jin Hausa a Matankari ne Ba'are ba.

Ƙarnin yaƙi da waɗanda ya kawo

Jihadin da aka soma a 1804 ya sauya zaman dukkan ƙasashen da ke kewaye, Arewa kuma ta samu kanta tsakanin Sakkwato da Gwandu ta gefe guda, da Kabawa ta ɗaya gefen. Lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a 1849, Arawa suna cikin waɗanda suka mara masa baya, tare da Zabarmawa da Dandawa. An ɗan samu numfashi da sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, amma bai hana hare-hare ba, ga kuma mahayan Abzinawa da ke gangarowa daga arewa bayan an yi girbi.

Wannan zamani ya bar alama biyu ga yawan jama'a da yadda suke zaune. Ta farko, mutane suka dunƙule cikin manyan garuruwa masu ganuwa ko shinge, aka bar dajin tudu ba kowa, don wanda ya yi nisa da gari da kalme yana iya kwana a hannun maharan bayi. Ta biyu, ƙasar ta zama mafaka. Gobirawan da yaƙi ya tarwatsa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da Adarawa, da Kabawa, da mutanen Ƙonni, kowa ya samu inda ya raɓa. Kurfayawa, maƙwabta ta arewa maso yamma, sun shigo da noma da auratayya. Akwai kuma bayin da aka kamo wurin yaƙi, waɗanda suka yi noma suka yi saƙa a gidajen manya, jikokinsu suka zama ƴan gari. Wannan magana ce da ba a cika so a taɓa ta ba a bainar jama'a, amma lissafin mutanen gari bai cika in an cire su, kuma guminsu yana cikin kowane tsohon rumbu.

Masu sana'a su ma rukuni ne mai zaman kansa, domin sana'a gado ce. Maƙera suna da daraja ta musamman a wurin manoma da mayaƙa, tun da daga maƙera hauya da kibiya suke fitowa. Bayansu ga masaƙa, da marina, da majema, da mahauta, da wanzamai, da makaɗan da ke riƙe da sunayen sarakuna a ka. Fatake kuma suna bi ta kwarin da gishirin Foga da kanwa da goro, wasunsu suka ga wuri ya yi musu suka aje kaya.

Fulani da Buzaye

Fulani sun daɗe a kwarin nan saboda ruwansa da ciyawarsa da ƙasarsa mai kanwa, wadda shanu ke so. Da damina sukan hau tudu ko su yi arewa don su bar wa manoma fili, da kaka su komo su sauka cikin gonaki, shanu su ci kara su bar taki. Manomi yana ba da hatsi, Bafillata tana kawo nono da mai, mai hali a gari kuma yana ba Bafillace kiwon dabbobinsa. Shugabanninsu, ardo da rugga, su ne ke tsaya musu a gaban fada.

Tsakanin Arawa da Fulani akwai taubasantaka. Ba'are yana iya tare Bafillace a tsakiyar kasuwa ya faɗa masa maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga sanda, a yi dariya a rabu. Masana al'ada suna danganta wannan da asalin Arawa na Barno, tun da Barebari ma abokan wasan Fulani ne. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasa na al'ummomin Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam. Mutanen Matankari ba su jira wannan ba kafin su san amfaninsa, don sau da yawa ɓarnar da ta kai a je gaban alƙali takan mutu a bakin taubasai.

Buzaye yawancinsu sun zauna ne bayan da ƙarfin iyayengijinsu na da ya karye a farkon mulkin Faransa. Suka kafa zangonsu a gefen garuruwa da kan tudu, suna kiwon awaki da raƙuma, suna noma, matansu suna saƙar tabarmi da aikin fata. Da yawa cikin jikokinsu Hausa ce harshensu na yau da kullum.

Wanda ya iya karatun sunayen ƙauyuka zai ga duk wannan tarihi a shimfiɗe. Inda aka ce Birni, tsohon wuri ne mai ganuwa. Inda aka ce Tunga ko Unguwar wane, ƙauyen noma ne da wani ya fita daga babban gari ya kafa, galibi bayan an daina yaƙi. Ruga ta Fulani ce, Zango na Buzaye.

Zuwan Nasara da yankan iyaka

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Bule da Shanuwan ta ratso ƙasar Arewa, tana ƙone garuruwa tana kwasar mutane da dabbobi. Masu sarauta sun auna ƙarfin bindiga suka zaɓi lallashi don su tsirar da jama'arsu, Lugu kuwa, a zamanin Sarauniya Mangu, ta tsaya da baka da kibiya. An gwabza ranar 16 ga watan, aka ƙone garin, mutanensa suka watsu cikin duwatsu. Sunan Sarauniya ya kai duniya daga baya ta littafin Abdullahi Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, amma Lugu kanta ba ta sake komawa girmanta na da ba.

Abin da ya fi yaƙin tasiri ga jama'a shi ne iyaka. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta bi tsakiyar Dallol Mawri ta tsaga shi biyu, sa'an nan ta zagaya Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwan sha zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura iyakar kudu. Duk da haka ba ta bar Arawa wuri ɗaya ba: wani sashe nasu ya faɗa Nijeriya, inda a yau suke da ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedkwata a Kangiwa, cikin jihar Kabi. A 1906 ne kuma aka ɗauke mazaunin Sarkin Arewa daga Matankari aka mai da shi Dogon Dutsi, garin Konawa, kusa da barikin kwamandan. Tun daga ranar ma'aikata da ƴan kasuwa da ƴan lakwal suka karkata can, babbar hanyar mota ta Yamai zuwa Damagaram ma ta bi ta can, Matankari ta zauna da darajarta ta tushe da gonakinta.

Lanho da aikin tilas da ɗaukar soja sun sa iyakar ta zama ƙofar tsira. Gida guda yakan kwashe cikin dare ya ƙetara ƙasar Ingilishi, in abubuwa sun lafa wasu su komo, wasu kuwa sun tafi ke nan. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da ta fara ta 1931 sun ƙara yawan masu ƙaura. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. A ɗaya gefen kuma, ƙarewar yaƙe-yaƙe ta buɗe dajin tudu, tungaye suka yi ta tsirowa inda a da sai maharbi ke shiga.

Addini

A farkon ƙarni na 20 mafi yawan mutanen ƙasar nan Azna ne, malamai ƴan kaɗan ne, galibinsu baƙi da ke zaune kusa da fada. Musulunci ya bazu ne a hankali, ta hannun fatake da ƴan cin rani da almajiran da suka yi karatu a Sakkwato da Kano, ya ƙara ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu da bayan samun ƴancin kai a 1960. A yau kusan kowa Musulmi ne. Akwai mabiya ɗarikun sufaye, akwai ƴan Izala da suka bayyana a farkon shekarun 1990, akwai kuma Kiristoci ƴan tsiraru, mafi yawansu a Dogon Dutsi, inda ƴan mishan suka zauna tun shekarun 1940. Gidajen da suka riƙe al'adar ƴan ƙasa sun ragu ƙwarai, har ɗan Bagube na yanzu yana iya zama limamin unguwa. Sau da yawa a gida ɗaya ake samun kaka mai tuna bori da jika mahaddacin Alƙur'ani, suna ci a akushi ɗaya.

Ƙidaya da ƙasar noma

An yi ƙidayar jama'a a Nijar a 1977 da 1988 da 2001 da 2012. Ta farko ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17, jahar Doso kaɗai tana da fiye da miliyan 2. A 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, tare da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa. Abin da ya rage wa Dogon Dutsi komin shida ne: Dogon Dutsi, Matankari, Dankasari, Kiyeshe, Dogon Kirya da Sukukutan, kuma ƙidayar 2012 ta iske mutum fiye da dubu 370 a cikinsu. Kusan rabin jama'ar Nijar yara ne da ba su kai shekara 15 ba, kuma duk wanda ya ga ƙofar lakwal a Matankari lokacin tashi ya san nan ma haka abin yake.

Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Gonar da kaka ya noma shi da ƴaƴansa a gandu ɗaya, yau an raba ta tsakanin jikoki masu yawa, saura ta ɓace domin ba wanda ke da halin barin gona ta huta. Hatsi da wake da gyaɗa da gujiya da yakuwa su ne dai abin shukawa, sai lambunan rani a fadama. Da gonaki suka hau tudu sai suka ci makiyaya, suka matse burtali, nan ne kuma tsohuwar amanar manomi da makiyayi ta fi jin jiki. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, wanda jama'a suka laƙaba wa El-Buhari, sun hallaka garkuna, suka sa Fulani da Buzaye da dama suka kama hauya, manoma kuma suka shiga kiwo, kowa ya koma neman abin da ɗan'uwansa yake nema. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, ta kuma bar wa sarakunan gargajiya hurumin sulhu kafin a kai ga kotu. A ƴan shekarun nan rashin tsaro a arewacin gundumar ya taso wasu iyalai daga ƙauyukansu, suka nufo manyan garuruwa neman wurin zama.

Daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, wanda ya ƙirga mutanen ƙauyukan Matankari zai iske mata da yara da tsofaffi sun fi yawa, don samari sun tafi cin rani Yamai, ko Nijeriya, ko Kwatano, ko Abijan, wasu har Libiya. Kuɗin da suke aikowa shi ke cike giɓin rumbu, shi ke biyan sadaki, shi ke sa kwano a kan ɗaki. Mafi yawansu suna komowa da ruwan farko don shuka, wasu kuma sun yi gida a can, sun haifi ƴaƴan da ba su taɓa shan ruwan fadama ba, amma sunansu yana cikin lissafin masu gadon gona.